Djibril Diop Mambéty: Ɗan limamin da ya hango masu haramar Turai tun 1973

An haifi Djibril Diop Mambéty a shekarar 1945 a unguwar Colobane da ke Dakar, babban birnin Senegal. Mahaifinsa limami ne, amma shi zuciyarsa sai ta karkata ga wasan kwaikwayo. Ya shiga gidan wasan daɓe na ƙasa mai suna Daniel Sorano, daga bisani aka sallame shi bisa zargin rashin ɗa'a. Bai taɓa zama a makarantar koyon shirya fim ba, da kansa ya koyi sana'ar. Gajeren fim ɗinsa Badou Boy ya ci lambar azurfa a bikin finafinai na Carthage da ke Tunisiya a 1970.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne Touki Bouki na 1973, wato tafiyar kura da harshen Wolof, wanda ya shirya da kuɗin da bai wuce dala 30,000 ba. Labari ne na Mory, makiyayin da ke yawo a Dakar bisa babur da ƙahonin sa ɗaure a gaba, da budurwarsa Anta, ɗalibar jami'a mai shigar maza. Unguwa na yi musu kallon bauɗaɗɗu, su kuwa ba su da buri sai tsallakawa zuwa Paris. Suka gwada caca, suka gwada sace kuɗin filin kokawa, daga ƙarshe suka kwashe tufafin wani attajiri. Da suka isa tashar jiragen ruwa, Anta ta hau jirgi, Mory kuwa ya juya a guje ya koma cikin gari. Mambéty bai yanke hukunci kan wanda ya yi daidai a cikinsu ba, ya bar wa mai kallo alƙalanci.

Bayan haka ya shafe kusan shekara ashirin bai sake dogon fim ba, sai a 1992 da ya dawo da Hyènes. A ciki, wata mata ta koma garinsu da dukiya mai yawa, ta yi wa mutanen alkawarin arziki idan sun kashe mutumin da ya yi mata ciki ya musanta. Sannu a hankali kwaɗayi ya rinjaye su.

Ya rasu a Paris ranar 23 ga Yulin 1998 sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 53. A 2008 gidauniyar Martin Scorsese ta gyara Touki Bouki domin sabbin masu kallo. A 2019 kuma 'yar ƙaninsa, Mati Diop, ta lashe babbar lamba ta biyu a bikin Cannes da fim ɗin Atlantique, labarin samarin Dakar da suka shiga kwalekwale suka nufi Sifaniya.