Nana Asma'u Ƴar Shehu, Malamar da Ta Kai wa Mata Ilimi Cikin Harshensu

Zaluncin da mata suka sha a tarihin duniya iri-iri ne. An hana su gado, an yi musu auren dole, an bautar da su, an kuma toshe musu baki a wuraren shawara. Amma akwai guda ɗaya da yake tallafe da sauran kamar yadda ginshiƙi yake tallafe da soro, shi ne hana su ilimi, domin macen da ba ta san haƙƙinta ba, ba ta da bakin nemansa. A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 wannan hani yana da fuska biyu. Ta farko ita ce al'adar da ta ɗauki karatu a matsayin sha'anin maza. Ta biyu kuwa ta harshe ce: littattafai da Larabci suke, wa'azin gidajen malamai galibi da Fulatanci, alhali yawancin matan karkara Hausa kaɗai suke ji. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ƙarar da rayuwarta wajen buɗe wannan ƙofa ta biyu, kuma saboda haka tarihinta ya shafi mai nazarin harshe kamar yadda ya shafi mai nazarin matsayin mata.

Asali da ƙuruciya

An haifi Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, wajajen shekarar 1793. Mahaifinta an haife shi a Maratta, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau, a shekarar 1754, ya kuma yi karatu a Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tagwaye aka haife su, ita da Hasan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta guzuri a lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello.

Gidan da ta tashi ba ya ganin karatun mace abin mamaki. Tun kafin a haife ta, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani cikin waƙa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu wurin wa'azi muni. A littafinsa Nurul Albabi ma Shehu ya zargi malaman da suke karantar da almajirai dare da rana don neman suna, suna barin matansu da ƴaƴansu mata ba su san ko hukuncin alwala ba, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Tana ƴar shekara goma ko sha ɗaya rikicin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ta ga yaƙi da idonta: nasarar Tabkin Kwatto, asarar Tsuntsuwa inda mahaddata masu yawa suka kwanta dama, yunwa da ƙaura daga sansani zuwa sansani, har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma sarautar ta ci gaba a cikin zuriyarsu.

Alƙalami mai harshe uku

Bayan rasuwar Shehu a 1817 da hawan Bello, Asma'u ta shiga sahun masu tsare ilimin gidan. Rubutunta na farko da aka san shekararsa shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta, kuma ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon mai sauraro. Idan za ta yi magana da malamai, ko ta yi maraba da baƙon malami daga Shinƙiɗi, ko ta tattara hadisai a kan magani kamar yadda ta yi a Tabshirul Ikhwani a 1839, da Larabci take yi. Marsiyyoyinta da yawa, da waƙoƙin tarihin jihadi irin su Filitago, da Fulatanci ta tsara su, harshen cikin gida da dangi. Hausa kuwa ta keɓe ta don karantarwa. Ta mayar da waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, waƙar da take gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci. Ta tsara gajeruwar waƙa da ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani, da Fulatanci a farko, daga baya da Hausa, yadda macen da ba ta taɓa riƙe allo ba za ta iya riƙe tsarin Littafin a ka. Akwai kuma Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama da Dalilin Samuwar Allah, duk da Hausa.

Misali mafi bayyana na wannan tsari ya zo ne a tsakiyar shekarun 1830. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci a kan mata salihai. Asma'u ta ɗauki wannan zube ta mayar da shi waƙa da Fulatanci, sannan da Hausa a ƙarƙashin sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Annabi da ƴaƴansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko har kan matan da ta sani a zamaninta. Macen ƙauye da ta ji wannan waƙa ta fahimci cewa akwai silsilar mata masana tun daga Madina har zuwa bakin gulbin Rima, kuma ita ma tana da wurin zama a cikinta.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Baƙaƙen Larabci ba su tanadi sautukan ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, wasulansa uku ne alhali na Hausa biyar ne, kuma ajami ba ya nuna karin sauti. Sai dai Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda Larabci yake yi, wannan ne ya ba marubutan ƙarnin damar ɗora waƙar Hausa a kan ma'aunan arulin Larabci. Ma'auni da amsa-amo su ne suka zama takardar wadda ba ta iya karatu ba: baiti yana tsare kansa a ƙwaƙwalwa, kuma idan kalma ta faɗi, kunne yana jin giɓin.

Ƴan Taru

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar ɗimbin mata a warwatse: zawarawa, marayu, da kamammu da aka raba a gidaje da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. Yawancinsu Hausawa ne da suka tashi cikin bori, wanda yake ba su magani da lallashi da wurin haɗuwa. A Gobir kuwa bori yana da shugaba mace mai ƙarfin faɗa a ji, wato Inna. Asma'u ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba mace da abin da take samun sanyi a cikinsa ba, sai an ba ta madadi.

Daga wajajen shekarun 1830 ta fara tsara ƙungiyar da aka sani da Ƴan Taru. A kowane ƙauye ana zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana, Asma'u ta naɗa ta jaji. Kalmar daga harshen fatauci aka aro ta, domin jaji shi ne mai shiga gaban ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle a naɗe a kanta, kuma malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Wato Asma'u ta ɗauki kalmar maza da alamar bori, ta ba su sabuwar ma'ana wadda matan karkara za su gane da kallo ɗaya.

Jaji takan jagoranci ayarin ƴan mata da dattijai mata zuwa wurin Asma'u, tun da matan aure masu ƙananan ƴaƴa ba su da halin doguwar tafiya. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, a raba wa mabuƙata. Sukan haddace waƙoƙi, a warware musu ma'ana, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida a kan tsarki da salla da aure da gado da rashin lafiya. Idan sun koma, sai su shiga gida gida suna karantar da waɗanda kulle ya tsare. Da haka ilimi ya riƙa isa ɗakin da malami namiji ba shi da ikon shiga. Jama'a suka riƙa kiran Asma'u Uwar Gari.

Darajar da take ba waɗannan mata ta fito a marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma kuma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa jajinta Hauwa'u. Abin da ta yaba a cikinsu shi ne haƙuri da sulhunta mutane da kula da marasa ƙarfi. Sunayen da tarihin sarakuna ba zai taɓa ambata ba, alƙalaminta ya adana su.

Matsayinta a tarihin neman haƙƙin mata

A zamanin da aka haifi Asma'u, Turai ma tana cikin wannan muhawara. Olympe de Gouges ta fitar da sanarwar haƙƙin mace a Faransa a 1791, Mary Wollstonecraft ta wallafa littafinta na kare haƙƙin mata a Ingila a 1792, kuma jigon hujjarta shi ne ilimi. Taron Seneca Falls na Amurka ya zo a 1848, lokacin Ƴan Taru sun riga sun kafu. Asma'u ta ɗebo hujjarta daga wata rijiya dabam, wato Alƙur'ani da Sunna da koyarwar mahaifinta. Wannan ya isa ya nuna cewa neman ilimin mata a ƙasar Hausa ya girmi zuwan Bature.

Duk da haka, adalci ga tarihi ya hana a sa mata rigar da ba ta ɗinka ba. Ta rayu a daular da take da bayi da ƙwaraƙwarai, ba ta kuma yi kiran a rushe wannan tsari ba. Da yawa daga cikin matan da ta karantar, yaƙin gidansu ne ya raba su da garuruwansu. Jihadin da ya buɗe wa mata ƙofar karatu, shi ne kuma ya rage ƙarfin sarautun mata na tsohon tsari. Waɗannan sarautu sun fi samun mafaka a wurin waɗanda suka ƙi miƙa wuya: Gobirawan Tsibiri sun riƙe Innarsu, Katsinawan Maraɗi sun riƙe Iyarsu. Saboda haka matan Nijar sun gaji hanyoyi biyu na ikon mace, ta malfar Inna da ta malfar jaji, kuma mai nazari na gaskiya ba zai yar da ɗaya don ya ɗaukaka ɗaya ba.

Rasuwa da abin da ta bari

Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara kusan 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru, ƙanenta Isa kuma ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, ciki har da Filitago wadda ta zama Waƙar Gewaye. Takardunta sun zauna a gidan waziran Sakkwato har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya buɗe su ga masu bincike. Jean Boyd ta wallafa tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997.

Gwagwarmayar mata a Nijar ta ɗauki sabon salo bayan zamaninta. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka cika titunan da ke tsakanin majalisar dokoki da ma'aikatun unguwar Filato a Yamai, suna ƙin amincewa da yadda aka ba mace ɗaya tak kujera a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ranar ta zama ranar matan Nijar, kuma a shekarar 2000 aka kafa dokar kaso a muƙaman zaɓe da na naɗi. Masaniyar harshe Usaina Alidu ta nazarci wannan tafiya a littafinta na 2005, inda ta ba ajami da karatun mata malamai muhimmanci.

Sai dai tambayar da Asma'u ta fuskanta ba ta tsufa ba. Dokar da aka rubuta da Faransanci tana nesa da macen Dakwaro ko ta Matamai kamar yadda littafin Larabci yake nesa da macen ƙauyen Gobir a 1830. A ɗakin adana rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai akwai dubban takardu da suke jiran mai karantawa da mai fassarawa, a karkara kuma akwai matan da suke jiran a faɗa musu haƙƙinsu da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci, da Barbarci. Wannan aiki na masu ilimin harshe ne, kuma ƴar Shehu ta riga ta nuna yadda ake yin sa. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta.