Anton Boisen, Faston Da Ya Kwanta A Asibitin Mahaukata

An haifi Anton Boisen a shekarar 1876 a garin Bloomington, cikin ƙasar Amurka. Ya fara da koyarwa, ya koyi aikin daji, daga baya ya shiga makarantar fastoci a Niyu Yok. Ya riƙe waɗansu ƙananan ekklesiyoyi na ƙauye, amma aikin bai yi albarka sosai a hannunsa ba.

A shekarar 1920, yana dab da cika shekara 44, hankalinsa ya juya. Danginsa suka kai shi asibitin mahaukata na Westboro, ya yi wata 15 a can. Ciwon ya yi sauƙi bayan 'yan makonni, sai ya fara duban abin da ke kewaye da shi. Likitoci suna lura da jiki, amma ba mai-tambayar mara-lafiya abin da ke cin zuciyarsa. Fastoci su kan zo ran Lahadi su yi wa'azi su tafi, ba su san kowa ba. Wani dattijo ya yi ta ba su labarin aikin bishara a Sin da Afirka. Wani kuwa ya ɗauki ayar nan da ta yi maganar cire idon da ke sa mutum tuntuɓe, a gaban mutanen da hankalinsu ya raunana! Boisen ya ji tsoro kada wani ya aikata. Mu da mu ke zuwa gaida marasa-lafiya, abin nan ya taɓa mu, gama sau da yawa mu kan shirya maganarmu tun daga gida, ba mu ko ga fuskar mutumin ba.

Da ya fita, ya koma karatu. A 1924 aka ɗauke shi faston asibitin mahaukata na Worcester. A 1925 ya karɓi ɗalibai huɗu masu-koyon aikin Ubangiji. Da rana suna hidima a ɗakunan majinyata tare da ma'aikata, da yamma su zauna da shi su bincika labarin kowane mutum. Ya koya musu su karanta mai-wahala da haƙuri kamar yadda su ke karanta littattafansu. Daga nan ne horon fastocin asibiti ya tsiro, har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Ciwon bai rabu da shi ba. A 1930 mahaifiyarsa ta rasu, ya sāke faɗuwa, Dokta Richard Cabot kuwa, wanda ya tallafe shi tun farko, ya janye hannu. Boisen bai bar aikin ba. A 1932 ya koma asibitin Elgin kusa da Shikago. Bai taɓa yin aure ba. Alice Batchelder, wadda ya ƙaunata shekaru da yawa, ta rasu a 1935.

Ya mutu a Elgin a 1965. Aka ƙone gawarsa, aka watsa tokar a makabartar asibitin, inda a ke binne majinyata.