Jule Charney (1917–1981) da Raƙuman Iskar Damina

An haifi Jule Gregory Charney a San Faransisko ta ƙasar Amurka ranar 1 ga Janairu, 1917. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga daular Rasha, masu aikin ɗinki. Ya karanci lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, inda ya sami digiri na uku a 1946.

Kafin shi, Carl-Gustaf Rossby ya bayyana a 1939 cewa iskar sama da ke kewaya duniya tana tafiya ne cikin manyan raƙuma masu tsawon dubban kilomita. Abin da ya dami Charney shi ne dalilin girmansu. A maƙalarsa ta 1947 ya nuna cewa bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta yana sa gudun iska ya ƙaru da nisan sama, har 'yar karkata kaɗan ta ci ƙarfin iskar ta zama guguwa. A 1950 tawagarsa ta Firinstan ta yi hasashen yanayi na farko da kwamfuta. Ya koma jami'ar MIT a 1956.

Manomin masara da auduga a Funtuwa ko Malumfashi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, yakan kuma yi 'yan kwanaki kafin ya dawo. Sharaɗin tangal-tangal ɗin iska da Charney da Melvin Stern suka fitar a 1962 shi Robert Burpee ya ɗora a 1972 a kan zirin iskar gabas da ke ratsa Afirka ta Yamma, ya gano asalin raƙuman da ke wucewa duk kwana 3 zuwa 5 suna tsara wannan hadari.

Bayan farin 1973, Charney ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙasar da ciyawarta ta ƙare tana mayar da hasken rana sama, iska ta sauko, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara ƙarewa. Hujjar tana da kyau a lissafi, sai dai an riƙa kafa ta wajen ɗora wa makiyayi da manomi laifin fari, alhali binciken baya ya nuna zafin tekuna ne babban sanadi. A 1979 shi da John DeVore suka nuna cewa a ƙarƙashin sanadi guda iska tana iya zama cikin ɗayan halaye biyu mabambanta, ta daɗe a can. Ya rasu a Boston ranar 16 ga Yuni, 1981, sanadiyyar cutar daji.