Steve Irwin: Mafaraucin kada da ya ƙare rayuwarsa yana kare dabbobin da ake tsoro

Mutumin Kazaure ko Yankwashi da ya saba ganin gardawa suna wasa da maciji ranar kasuwa, idan ya ci karo da bidiyon Steve Irwin a wayarsa, zai iya ɗauka gardin Turawa ne. Ga shi nan sanye da riga da gajeren wando na kaki, ya ɗago maciji ta wutsiya, ko ya ɗare bayan ƙaton kada a cikin taɓo, yana ta zuba bayani cikin zumuɗi.

Amma Irwin ba magani yake tallatawa ba, bai kuma taɓa iƙirarin yana da asiri ba. Burinsa shi ne mutane su daina kashe dabba don kawai suna jin tsoronta.

Tasowarsa

An haifi Stephen Robert Irwin ranar 22 ga Fabrairun 1962 a kusa da birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya. Mahaifinsa Bob mai aikin famfo ne da ke da sha'awar macizai da ƙadangaru, mahaifiyarsa Lyn kuwa ma'aikaciyar jinya ce da ke kula da namun dajin da suka ji rauni.

A 1970 iyalin suka koma jihar Queensland, inda suka buɗe wani ƙaramin gidan dabbobi masu jan ciki a garin Beerwah.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana ɗan shekara shida aka ba shi kyautar mesa, yana da tara ya kama kada na farko a gaban mahaifinsa.

A shekarun 1980 ya shiga wani shirin gwamnatin Queensland na kwashe kadojin da suka matso kusa da gidajen jama'a. Ya kama fiye da 100 da ransu, aka sauya musu mazauni a maimakon a harbe su.

Yadda ya shiga talabijin

A 1991 ya karɓi ragamar gidan dabbobin, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Australia Zoo. A shekarar ce ya haɗu da wata Ba'amurkiya, Terri Raines, da ta zo ziyara, suka yi aure a Yunin 1992.

Ango da amarya sun yi kwanakin amarcinsu ne a daji suna kamun kada, abokinsa John Stainton yana ɗaukar su a kyamara. Hotunan ne suka zama kashi na farko na shirin The Crocodile Hunter, wato Mafaraucin Kada.

An fara nuna shirin a Ostireliya a 1996, sannan tashar Animal Planet ta kai shi ƙasashe fiye da 100.

Dabararsa ita ce ya kusanci dabbar har mai kallo ya riƙe numfashi, sannan ya yi amfani da wannan damar ya bayyana abin da take ci, yadda take renon 'ya'yanta, da amfaninta ga muhalli.

Kuɗin da ya samu ya zuba su wajen sayen filaye don dabbobi su samu mafaka. A 2002 shi da matarsa suka kafa gidauniyar da ake kira Wildlife Warriors, a 2004 kuma suka buɗe asibitin namun daji don tunawa da mahaifiyarsa, wadda ta rasu a haɗarin mota a 2000.

Sukar da ya sha

Ba kowa ne ya yarda da salonsa ba. Wasu masana sun ce yana takura wa dabbobi don burge masu kallo.

Babban abin da ya jawo masa suka shi ne na Janairun 2004, lokacin da ya rungumi ɗansa Robert, jariri ɗan wata guda, yana miƙa wa kada nama da ɗaya hannun. Ba a gurfanar da shi ba, amma Queensland ta tsaurara dokokin shiga wurin kadoji da yara.

Mutuwarsa

Ranar 4 ga Satumban 2006, yana ɗaukar wani shiri a cikin teku a Batt Reef kusa da garin Port Douglas, sai kunamar ruwa, wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke da ƙaya mai dafi a wutsiya, ta soke shi a ƙirji. Ya rasu yana da shekara 44, ya bar mata da 'ya'ya biyu, Bindi da Robert.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka riƙa tsintar irin wannan kifi a mace a gaɓar tekun Queensland an yanke musu wutsiya, abin da aka yi zargin ramuwar gayya ce. Gidauniyarsa ta yi tir da hakan, domin shi ne ainihin abin da ya yi rayuwarsa yana yaƙa.

Iyalinsa sun ƙi tayin gwamnati na yi masa jana'izar ƙasa. Su ne ke ci gaba da tafiyar da gidan dabbobin, kuma ana tunawa da shi duk ranar 15 ga Nuwamba.

Darasi ga manomi

Tsoron maciji a Arewa yana da dalili. Kububuwa na sarar manoma da makiyaya duk damina, har akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Wanda aka sara, asibiti ne maganinsa, kuma babu mai hankalin da zai kwaikwayi Irwin ya kai wa maciji hannu.

Sai dai ba kowane maciji ne ke da dafi ba. Mesa ba ta da shi, kuma macizai ne ke rage ɓerayen da ke cinye gero da gyaɗa a gona da rumbu.

Namun daji kuwa sai ƙara ƙarewa suke. Zakunan da suka rage a Najeriya ba su wuce na Yankari da Kainji ba. A Jigawa ma, dausayin Baturiya da ke yankin Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai duk shekara, na fama da sare itatuwa da farauta.

Abin da Irwin ya nema bai wuce mutum ya dakata kafin ya ɗaga sanda ba: ya gane wace dabba ce a gabansa, ya ba ta hanya idan ba ta yi masa barazana ba.