Ladi Kwali: Maginiyar da Tukwanenta Suka Bar Ɗakin Girki

Ɗalibi, idan akwai takardar naira 20 kusa da kai, ɗauko ta ka juya bayanta. Za ka ga hoton wata mata tana aiki a kan tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, wadda aka sa hotonta a kan kuɗin tun shekarar 2007.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A wurinsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma Ladi ta koye ta tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba a amfani da wani inji. Mace takan murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi sahu bisa sahu, tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi. Daga nan sai ado. Ladi takan tsaga jikin randa da zanen kunama da kada da hawainiya da ƙadangare da kifi, a tsakanin layuka masu tsari. Sa'an nan a tara itace da ciyawa a fili, a gasa tukwanen.

Kyan aikinta ya kai kunnen Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, har ya tara tukwanenta a gidansa. Ka lura, Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarkin ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a 1950, ya ga tukwanen. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a 1952, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga cikinta.

A nan ne labarinta ya haɗu da maganar 'yancin mai fasaha. Idan aka ambaci takura wa fasaha, hankalinmu yakan tafi ga doka da hukuma, kamar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Ladi ba ta gamu da irin wannan ba. Matsin da ta samu ya fi haka laushi: wanda ya mallaki tanderu, da wanda yake da kuɗin saye, su ma suna da ta cewa a kan abin da hannun mai fasaha zai ƙera.

A cibiyar ta koyi juya yumɓu a kan faifai, ta yi kwanuka da kofuna irin na teburin Turawa. Amma ba ta yar da hanyar gidansu ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, da zanen dabbobinta, sai dai yanzu ana cike tsagar zanen da farar ƙasa, a shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su a tanderu da zafin da ya wuce digiri 1200.

Dubi abin da wannan ya jawo. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsatsafowa, iska tana busar da damshin. Randar da aka shafa wa ƙyalli ba ta tsatsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ga tsada. Matar Kwali da ke neman abin zuba ruwa ba ta da abin yi da ita. Masu sayenta su ne masu tara kayan ado da gidajen adana kayan tarihi. A ganina, cibiyar ta buɗe wa Ladi ƙofar duniya, ta kuma nisanta aikinta daga mutanen da suka koya mata shi. Wani zai ce ai hannunta ne da zanenta, ba wanda ya sauya su, kuma wannan ma gaskiya ce. Ku tattauna batun a aji, kowa ya kawo hujjarsa.

An baje kolin tukwanenta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta yi ta nuna yadda take gini a gaban jama'a a Ingila, kuma a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Ta sami lambar MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta yi karatun boko ba. Lambobin girmamawa na Nijeriya sun biyo baya a 1980 da 1981.

Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar nan ta Suleja, wadda ta shiga a matsayin mai koyo, da sunanta ake kiranta yanzu.