Heinrich Hertz

Heinrich Rudolf Hertz (22 ga Fabrairu, 1857 – 1 ga Janairu, 1894) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Jamus. Shi ne ya fara tabbatarwa ta hanyar gwaji cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu ratsa sarari ba tare da waya ba, waɗanda a yau ake kira igiyoyin rediyo. Domin wannan gwaji ne ya ƙera eriya ta farko, kuma abubuwan da ya gano game da ita su ne har yanzu ake bi wajen zaɓa wa wayar salula da sauran na'urorin sadarwa eriyar da ta dace da su.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hertz a birnin Hamburg. Mahaifinsa, Gustav Ferdinand Hertz, lauya ne wanda daga baya ya zama ɗan majalisar birnin. Tun yana yaro Hertz yake da basirar harsuna, har ya koyi Larabci. Ya yi karatun injiniya da kimiyya a biranen Dresden da Munich da Berlin, inda ya zauna a gaban manyan malamai biyu, Gustav Kirchhoff da Hermann von Helmholtz. Ya samu digirin digirgir a 1880, ya ci gaba da aiki a matsayin mataimakin Helmholtz. A 1883 ya koma koyarwa a Jami'ar Kiel, sannan a 1885 ya zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe.

Gwajin igiyoyin rediyo

Tun a shekarun 1860 James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa dole ne a sami irin waɗannan igiyoyi, kuma gudunsu daidai yake da na haske, amma babu wanda ya iya samar da su a ɗakin gwaji. A 1879 Helmholtz ya ba Hertz shawarar ya gwada wannan nazari, sai dai a lokacin bai ga kayan aikin da za su iya ba. A Karlsruhe ne, daga 1886, ya samu hanya.

Na'urarsa ta aikawa wayoyin jan ƙarfe ne guda biyu, kowace mai tsawon mita ɗaya, a jere kan layi guda, da ɗan tazara a tsakaninsu da kuma ƙwallon tutiya a ƙarshen kowace. Idan aka ɗura musu wuta mai ƙarfi, tartsatsi ya tsallaka tazarar, sai lantarki ya riƙa kai da komowa cikin wayoyin kimanin sau miliyan 50 a daƙiƙa. Na'urar karɓa kuwa zoben waya ne mai ɗan tsagi. Duk da babu abin da ya haɗa su, idan ta farko ta yi tartsatsi sai a ga wani ƙaramin tartsatsi a tsagin zoben.

Zuwa 1888 Hertz ya nuna cewa farantin ƙarfe yana mayar da igiyoyin baya kamar yadda madubi yake mayar da haske, suna karkata idan sun ratsa curin kwalta, kuma ƙarfin abin da ake karɓa yana canzawa idan aka juya eriya. Da ya rage girman na'urar, ya samu igiyoyi masu gajeren zango, kimanin santimita 66, ya kuma tattara su wuri guda da lanƙwasassun farantan ƙarfe. A 1887, cikin wannan aiki, ya lura cewa wani nau'in haske da ido ba ya gani yana sauƙaƙa fitar tartsatsi, lamarin da Albert Einstein ya yi bayaninsa a 1905.

Tasirinsa a kan eriyar zamani

Babban darasin gwaje-gwajensa shi ne girman eriya yana tafiya ne da tsawon zangon igiyar da za ta kama. Igiyar salula mai megahertz 900 tsawon zangonta kimanin santimita 33 ne, don haka eriya mai rubu'in zango takan kai santimita 8, a megahertz 1800 kuma kusan santimita 4. A irin wannan eriya, shimfiɗar jan ƙarfen da ke jikin allon na'ura ita ce ke tsayawa a madadin ɗaya wayar ta Hertz, shi ya sa idan allon ya cika ƙanƙanta sai sabis ya yi rauni. Haka kuma, da yake ƙarfe yana mayar da igiya, injiniyoyi sukan nisanta eriya daga batir, ko su fitar da ita waje idan akwatin na'urar na ƙarfe ne.

Iyali da mutuwa

A 1886 ya auri Elisabeth Doll, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Johanna da Mathilde. A 1889 ya koma Jami'ar Bonn, inda ya gaji kujerar Rudolf Clausius. Rashin lafiya ta kama shi a 1892, ya mutu a Bonn yana da shekara 36, aka binne shi a maƙabartar Ohlsdorf da ke Hamburg. Bai ga amfanin da aka yi da bincikensa ba, domin sai a 1895 Guglielmo Marconi ɗan Italiya ya fara aika saƙo da waɗannan igiyoyi. A zamanin mulkin 'yan Nazi an cire hotonsa daga zauren birnin Hamburg saboda dangin mahaifinsa Yahudawa ne, matarsa da 'ya'yansa kuma suka yi ƙaura zuwa Ingila.

Karramawa

An ba shi lambar yabo ta Rumford a 1890. An sanya wa ma'aunin yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya sunansa, wato hertz, wanda ya shiga tsarin awo na duniya a 1960. Shi ne ma'aunin da tashoshin rediyo da kamfanonin waya suke ambato idan sun ce kilohertz ko megahertz.