Isaac Newton: Ɗan Manomin da Ya Tsara Dokokin Motsi, da Abin da Ya Ɓoye wa Ikkilisiya

'Ya'yanmu da ke ƙaramar sakandare, ko a Tafashiya suke ko Kankia ko Kusada, sukan ci karo da sunan Newton da zarar darasin kimiyya ya kai kan ƙarfi da motsi. Su haddace dokoki uku, su zuba a takardar jarrabawa, su wuce. Mu ma masu wa'azi mukan ɗauko sunan nan idan muna so mu nuna cewa babban masani yana iya zama mai tsoron Allah. To, ɗaliban da mu, kowa rabin labarin yake riƙe da shi. Mutumin ya cancanci a san shi gaba ɗaya, da abin yabonsa da abin da ba za mu iya bin sa a kai ba.

An haifi Isaac Newton, wato Ishaku, ranar Kirsimeti ta shekarar 1642 bisa tsohuwar kalandar Ingila, a wani ƙauye mai suna Woolsthorpe. Shekara 162 ke nan kafin jihadin 1804, lokacin da birnin Katsina ke tashen kasuwanci da karatu. Mahaifinsa manomi ne mai rufin asiri wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma ya rasu wata uku kafin haihuwar. Bakwaini aka haife shi, ba wanda ya sa rai zai rayu. Yana da shekara uku uwarsa Hannatu ta auri wani dattijon limamin coci, Barnabas Smith, ta tare, ta bar yaron a hannun kaka. Wannan rabuwa ta yi masa ciwo ƙwarai. Yana ɗan shekara 19 ya zauna ya rubuta jerin zunubansa a gaban Allah, kuma cikin abin da ya furta har da barazanar da ya taɓa yi ta ƙone uwar da mijinta da gidan da suke ciki. Iyayen da ke kai yaro riƙo ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba, ga abin dubawa.

Aka sa shi makaranta a garin Grantham, ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. Can ya yi ta ƙera ƙananan abubuwa, agogon ruwa da agogon inuwa da ɗan injin niƙa mai aiki da iska. Da ya kusa shekara 17 uwar ta cire shi don ya kama gona. Noma ya ƙi shi. A tura shi kiwo, sai a same shi da littafi, tumaki kuwa sun tafi sha'aninsu, har kotun ƙauye ta ci shi tara a 1659 saboda ɓarnar dabbobinsa. Shugaban makarantar da kawunsa, wanda shi ma limamin coci ne, su suka lallashi uwar ta bar shi ya koma karatu. A 1661 ya shiga Kwalejin Triniti a Jami'ar Kambirij, cikin rukunin ɗaliban da ke yi wa 'ya'yan masu hali hidima don a rage musu kuɗi. Ku riƙe sunan kwalejin, za mu dawo kansa.

A 1665 annoba ta ɓarke a Ingila, aka rufe jami'a, ya koma ƙauye. Cikin wannan zama na kusan shekara biyu ne ya aza harsashin lissafin da ake kira kalkulas, ya kuma nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin hasken rana haɗin launuka ne, irin na bakan gizo. A nan ne kuma labarin ɗan itacen tuffa ya samo asali. Shi da kansa ya ba da labarin bayan ya tsufa, amma bai ce a kansa ya faɗo ba, wannan ƙarin gishiri ne. Kowa ya san mangwaro idan ya nuna ƙasa yake yi. Tambayar da Newton ya yi ita ce, wannan ƙarfi da ke jawo abu ƙasa, a ina ya tsaya? Yana aiki a ƙasan rijiya, yana aiki a kan dutse mai tsawo. Me zai hana ya kai har wata?

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa zai gane amsar. Kana juya dutse, igiya ce ke riƙe shi yana kewaya hannunka. Ka saki, sai ya miƙe ya tafi. Wata ma da ba abin da ke riƙe shi, da ya miƙe ya ɓace. Igiyarsa ita ce jan da duniya ke yi masa. Newton bai tsaya a misali ba, ya auna. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka namu kusan sau 60. Idan jan yana raguwa gwargwadon nisa a ninka shi da kansa, to a can zai ragu sau 60 sau 60, wato sau 3,600. Dutsen da aka saka a rijiya yakan faɗi kusan mita 5 a daƙiƙar farko. Ka raba wannan gida 3,600, za ka sami milimita ɗaya da 'yan kai. Daidai gwargwadon haka ne wata ke karkatowa daga miƙaƙƙiyar hanya a kowace daƙiƙa. Tun zamanin Aristotil masana na ɗauka cewa sammai da tasu doka, ƙasa da tata. Wannan lissafi ya nuna doka guda ce.

Ya zama farfesan lissafi a 1669 yana ɗan shekara 26, amma ya ajiye yawancin wannan aiki a akwati, don mutum ne da ba ya jure suka. Sai a 1684 da masanin taurari Edmond Halley ya ziyarce shi ya tambaye shi wace irin hanya duniyoyi za su bi a kewayen rana idan jan yana raguwa haka. Nan take ya ba shi amsa, hanya ce mai siffar ƙwai, ya ce tuni ya lissafa. Halley ya matsa masa, kuma shi ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, domin ƙungiyar masana ta Landan ta riga ta ƙarar da kuɗinta a kan wani littafin kifaye da bai saidu ba. Haka littafin Principia ya fito a 1687, da harshen Latin.

A cikinsa ne dokokin nan uku suke. Ta farko tana cewa abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, mai tafiya kuma zai ci gaba a miƙe da gudunsa, sai idan wani ƙarfi ya taɓa shi. Rabin farko kowa ya yarda. Rabi na biyu shi ne mai wuyar haɗiya, domin mun saba ganin amalanke yana tsayawa da zarar shanu sun tsaya. Abin da ke tsayar da shi gogayyar ƙafafunsa ce da yashi, ba wai motsin ya ƙare don kansa ba. Ka shiga motar Kano zuwa Katsina, direba ya taka birki da ƙarfi a Kankia, sai fasinjoji su rufta gaba. Ba wanda ya tura su. Motar ce ta tsaya, jikinsu bai sami labari ba. Amfanin ɗamarar kujera ke nan. Galileo na Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya riga ya share wannan hanya.

Ta biyu ta haɗa abu uku: ƙarfin da aka sa, yawan kayan da ake turawa, da yadda gudu ke canjawa. Yaron da ke tura baro ba kaya zai tashe shi da gudu nan da nan, amma a ɗora buhun gero biyu, ƙarfin nan ɗaya da kyar zai motsa shi. Ma'aunin ƙarfi da ake koyarwa a aji ma sunansa ya ci. Newton ɗaya shi ne kusan jan da ƙasa ke yi wa abu mai giram 100. Ta uku kuwa, duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai wa daida. Tayar babur tana tura ƙasa baya, ƙasa tana tura babur gaba. Shi ya sa da damina, idan taya ta faɗa taɓo ta rasa abin kamawa, sai inji ya yi ta kuka ba a zuwa ko'ina.

Darasin makamashi da ke biyo bayan waɗannan a aji ba nasa ba ne, kuma gara a faɗa. Abokin hamayyarsa Leibniz na Jamus ne ya nace cewa a ninka gudu da kansa idan ana auna abin da mai motsi ke ɗauke da shi, sai James Joule ya nuna a shekarun 1840 cewa motsi yana komawa zafi ba tare da ya ɓace ba. 'Yan acaɓa su ji wannan: wanda ya ninka gudunsa sau biyu, makamashin da birki zai cinye ya ninku sau huɗu.

Halinsa da mutane ba abin koyi ba ne. Ya yi shekaru yana gaba da Robert Hooke. Da rikici ya tashi kan wanda ya fara gano kalkulas, shi ne shugaban ƙungiyar masanan da ta kafa kwamitin bincike a 1712, shi ya rubuta rahoton a ɓoye, rahoton kuma ya ba shi gaskiya a kan Leibniz. Mai ƙara ya zama alƙali. Yau masana sun yarda kowannensu ya gano nasa ne daban. Daga 1696 ya koma Landan yana kula da gidan buga kuɗin sarki, inda ya bi sawun masu jabun kuɗi har aka rataye wani William Chaloner a 1699. Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir a 1705. Bai taɓa aure ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Newton ya gaskata da Allah Mahalicci, ba da baki kawai ba. A bugu na biyu na Principia, a 1713, ya ƙara bayani cewa tsarin rana da duniyoyinta ba zai fito ba sai daga shawarar Mai hikima da iko. Ya karanta Littafi Mai Tsarki da himmar da za ta kunyata da yawa cikinmu, ya bi rubutun ubannin ikkilisiya na farko, kuma abin da ya rubuta kan addini ya fi na kimiyya yawa. Littafinsa kan annabcin Daniyel da Wahayin Yahaya ya fito a 1733, bayan rasuwarsa.

Amma tun wajen shekarun 1670 ya kai ga wata matsaya da ya ɓoye har kabari: bai yarda da Triniti ba. A ganinsa Uba kaɗai ne Allah Maɗaukaki, Ɗa kuwa yana ƙasa da shi, ko da yake ya karɓi Yesu a matsayin Almasihu wanda ya mutu ya tashi. Wannan ya yi kusa da koyarwar Ariyus ta Iskandariya, wadda taron Nikiya ya ƙi a shekara ta 325. Newton ya ɗauki Atanasiyus, wanda ya tsaya wa koyarwar Nikiya, a matsayin wanda ya gurɓata bangaskiya. Ga shi kuwa malami ne a Kwalejin Triniti, inda ƙa'ida ta ce dole a naɗa shi limamin Cocin Ingila ko ya bar kujerarsa. Ya ƙi yin rantsuwar naɗi a kan abin da bai gaskata ba, kuma a 1675 Sarki Charles na Biyu ya ɗauke wa kujerar tasa wannan sharaɗi. Amma bai fito fili ba. William Whiston, wanda ya gaje shi a kujerar, ya faɗi irin wannan ra'ayi a sarari, aka kore shi a 1710, Newton kuwa ya yi gum.

Adalci ya sa mu faɗi inda ya yi daidai. A 1690 ya aika wa John Locke dogon nazari cewa kalmomin da ke ambaton shaidu uku a sama a 1 Yahaya 5:7 ba sa cikin tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci. Masu binciken nassi sun tabbatar da haka, shi ya sa yawancin fassarorin zamani ba su ɗauke da su. Kuskurensa shi ne zaton cewa koyarwar ta dogara a kan wannan aya. Farkon Bisharar Yahaya yana nan, shaidar Toma a Yahaya 20:28 tana nan, umarnin baftisma a Matiyu 28:19 yana nan, kuma ikkilisiya tana yi wa Yesu sujada ƙarnuka kafin Nikiya. A ganinmu, mutumin da ya saba warware komai shi kaɗai a ɗaki ya kawo wannan ɗabi'a ga Maganar Allah. Lissafinsa ya fitar da shi aka gwada, har tauraro mai wutsiya da Halley ya lissafa da dokokinsa ya dawo a 1758 kamar yadda aka faɗa. Tauhidinsa kuwa ya kulle a akwati inda ba mai gyara masa. Don haka ɗanmu ya koyi dokokin motsi da zuciya ɗaya, gaskiya ne su ko wa ya gano su. Mai wa'azi kuma ya iya kawo Newton shaida cewa ilimi bai hana gaskata Mahalicci ba, amma kada ya tsayar da shi a gaban jama'a a matsayin wanda ya riƙe bangaskiyar da muke furtawa.

Ya rasu a watan Maris na 1727 yana da shekara 84. John Conduitt, mijin 'yar ƙanwarsa, ya rubuta cewa a kan gadon mutuwa ya ƙi karɓar Jibin Ubangiji, iyalin kuma suka rufe maganar. Aka binne shi da girma irin na sarakuna a majami'ar Westminster. Takardunsa na addini suka zauna a hannun dangi fiye da shekara 200, sai a 1936 aka yi gwanjonsu a Landan. Wani masani Bayahude, Abraham Yahuda, ya tattara da yawa daga cikinsu, kuma yau suna ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Isra'ila a Urushalima.